Alfarmar da Abbu Ya Nema Mini

Yau kada wanda ya ce mini in yi haƙuri. Na ga saƙonninku, masu cewa "Tazeen, ki sassauta wa bawan Allahn nan," da masu cewa iyaye ba sa yi wa ɗansu mugun zaɓi. To ku gyara zama ku ji abin da ya same ni jiya Alhamis, in kun gama sai ku gaya mini wanda zan sassauta wa.

Saboda sababbin shigowa: sunana Tazeen, shekarata ashirin da tara, gidanmu na unguwar Malakpet a nan Hyderabad, kuma wannan ce shekarata ta biyar ina digirin digirgir a fannin kwamfuta. Abin da na ƙera wani yare ne na yi wa kwamfuta magana, na sa masa suna Chalni, wato rariya. A yawancin yarukan kwamfuta sai ka bi ta daki-daki: ɗauko wannan, jera wancan, koma baya, sake daga farko. Nawa ba haka yake ba. Kai dai faɗi abin da kake so ka sani. Ka ce mata, a cikin tafiye-tafiyen jirgin ƙasa miliyan ɗari takwas, nuna mini duk tashar da za a iya isa daga tashar Kachiguda ba tare da an canja jirgi fiye da sau biyu ba. Shi ke nan, ka gama naka. Ita za ta raba aikin ga injina ɗari biyu, ta nemo hanyar da ta fi sauri. Ranar da na yi wa mahaifiyata Ammi wannan bayanin, tana tsinke ganyen miya ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Au, irin Abbunki ke nan. Ya ce a dafa biryani, ya miƙe ƙafa."

Dokar sashenmu ita ce ba a karɓar kundinka sai an karɓi maƙalarka a babban taron masana na duniya. Ni kuwa wa'adina zai cika a watan Yuli, ranar ma da zan miƙa makullin ɗakina na hostel an riga an rubuta. Maƙala ɗaya nake da ita a gaban alƙalai, lamba 214. In ta wuce, na gama. In ta faɗi, shekara biyar ta tafi a banza, in tattaro kwalayena in dawo Malakpet a ci gaba da nuna ni ga baƙi da farantin shayi a hannu.

Ga kuma yadda ake yi a sana'armu, ku riƙe shi da kyau don a nan bala'in yake. In za ka tura maƙala, ba ka sa sunanka a kai. Alƙalai uku ne za su karanta, su ba su san ka ba, kai ba ka san su ba. A da B da C kawai ake ce musu. Ko yayanka ne a cikinsu bai isa ya ce maka shi ne ba. Wanda kuwa aka kama ya bi ta bayan fage yana neman a sa masa baki, maƙalarsa ta mutu a take, a hana shi turo wata har shekara biyu, kuma duk inda ya je a san shi da wannan.

Sai maganar mutumin naku. Dakta Wajahat Baig, wanda Phuppu Shameem, yayar mahaifina Abbu, ta haƙo mana shi daga wani ɗakin bincike a Bengaluru. Mako uku da suka wuce suka zo gani na, shi da mahaifiyarsa. Kafin zuwansu an aiko da takardar bayaninsa har shafi biyu, tsayinsa, launinsa, dangin uwa, dangin uba, duk abin da ya taɓa ci tun daga firamare. Ban karanta ba. Na ce wa Ammi in ina son karanta tarihin mutum akwai laburare. Abbu ne ya zauna da ita da tabarau da rula, yana bin layi-layi kamar jadawalin jirgi.

Ranar an sa ni na saka riga da wando ruwan toka-toka mai aikin zare a wuya, da wani gyale mai santsi da ke zamewa duk in na numfasa. Ammi ta fito da kofunan da ba a taɓa su sai da sallah, aka jera biskit ɗin Osmania a faranti kamar za a ɗauki hoto. Aka bar mu a baranda minti goma, Phuppu na leƙe ta bayan labule tana jin ba a ganin ƙafarta. Dogo ne, siriri, da farar riga da aka goge har ta gaji. Na ce a raina, tunda fanninmu ɗaya, ko ba komai za a yi hira. Na buɗe baki ke nan, "Aikin da nake yi yanzu a kan..."

Sai ya ɗaga mini hannu. Hannu fa, jama'a, kamar ɗan sanda a mararraba.

"Don Allah mu bar maganar aikinki."

"Me ya sa?"

"Gara dai mu bar ta. Kina son karnuka?"

Karnuka! Shekara biyar ina cin taliyar leda a gaban kwamfuta, mutum ya zo har barandar ubana ya tambaye ni karnuka. Na ce masa ba na son su, ba na son masu su. Ya yi murmushi ya sha shayinsa. Da suka tafi Phuppu ta ce, "Kin ga kunya? Ko ido bai iya haɗawa da ke ba." Na ce, "Phuppu, wannan ba kunya ba ce, raini ne aka goge shi da dutsen guga."

To, Juma'ar makon jiya sakamakon alƙalai ya fito. A ya ba ni biyu cikin biyar, da layi shida, a ciki har da cewa ban ambaci aikin wasu mutane uku ba, waɗanda ko tantama ba na yi shi ne ɗaya daga cikinsu. C ya ba ni uku, irin ukun nan na "ni dai ba ruwana." Sai B. Wayyo B! Shafi huɗu cur ya rubuta, ya ba ni biyar. Ya bi hujjojina ɗaya bayan ɗaya, har ya gano rami a hujja ta huɗu: idan aka goge wata hanya a cikin layin jirgin da ke zagayowa ya dawo inda ya taso, Chalni za ta iya ci gaba da riƙe amsar da ta riga ta mutu. Ni da malamata mun yi wata takwas muna kallon wurin ba mu gani ba. Bai tsaya nan ba, ya nuna ta inda za a toshe ramin. A ƙarshe ya ce, "Wanda ya rubuta misalin jiragen nan ya san jirgi, ba a littafi ya karanta ba. Zan tsaya wa wannan maƙala a zaman kwamiti."

Na karanta shi ya fi sau talatin. Na buga shi a takarda na sa a jakata. Ba na ɓoye muku, na ce wa 'yan lab, wato ɗakin bincikenmu, in B namiji ne kuma yana da rai, a kai masa takardar bayanina, ni na amince. Duk fatana a kansa yake, domin a zaman kwamiti in mutum ɗaya ya tsaya kai da fata, yakan ja sauran.

Asabar na zo gida. Da safe muna cin khichdi, wato dafa-dukar shinkafa da wake, na fara surutu. Na ce biyu ba su fahimce ni ba, ɗaya ne kawai ya tsaya mini, in aka rinjaye shi na shiga uku. Abbu na jina yana taunar papad, busasshiyar wainar nan mai ƙaras-ƙaras, a hankali. Ya ce, "Sunan taron nan shi ne wanda kika rubuta a kalandar kicin?" Na ce shi ne. Ya ce, "Lambar fa?" Na ce 214. Ya gyaɗa kai. Daga baya ya ce in turo masa maƙalar mai sunana a kai, zai sa a koren fayil ɗinsa inda yake tara takarduna tun na nazire. Ni sakarya na tura masa, har ina jin daɗi.

Jiya Alhamis ƙarfe goma na safe ina lab, na gama toshe ramin hujja ta huɗu, sai wayata ta yi ƙara. Malamata ce, Farfesa Kameswari.

"Tazeen, zo ofishina. Yanzu."

Madam ba ta taɓa ce mini "yanzu" ba. Na same ta a tsaye, kofin ƙarfenta na kofi ya huce a kan tebur, ta soke gefen zaninta na sari a ƙugu kamar mai shirin dambe. Ta juyo mini da allon kwamfuta. Saƙo ne daga shugaban kwamitin taron. An dakatar da maƙala mai lamba 214. Wani ɗan kwamiti ya kai rahoton cewa an turo masa maƙalar da sunan marubuciyar a kai, tare da roƙon ya sa baki. Ana ba mu zuwa ƙarfe biyar na yammacin Juma'a mu yi bayani. A ƙasa ga hoton saƙon da aka tura masa.

Na ga hoton Abbu a 'yar da'irar nan ta sama, da hularsa ta sallah.

"Wajahat beta, assalamu alaikum. Ga takardar Tazeen ɗinmu da ke gaban kwamitinku, lamba 214. Biyu daga cikin abokan aikinka ba su fahimce ta ba. Ka yi musu magana. Ai mun kusa zama gida ɗaya. Naka, Hameeduddin, babban jami'in tikiti mai ritaya."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har da muƙaminsa ya sa, har da "beta", yadda iyaye ke kiran ɗa ko 'ya!

"Wane ne Wajahat beta?" in ji Madam.

Ashe yana cikin kwamitin, mutum ɗari da sittin ne, wa zai haddace sunayensu? Ashe an rubuta a shafi na biyu na takardar bayanin da na ƙi karantawa, Abbu kuma ya gani da rularsa.

"Wanda... wanda suke so in aura ne, Madam."

Ta zauna a hankali. "Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki. Na ga wanda ya saci sakamako, na ga wanda ya ƙirƙiri lambobi. Ban taɓa ganin wanda aka kashe wa maƙala da maganar aure ba. Sunana ma yana kan takardar nan, kin sani ko?"

"Wallahi Madam ban sani ba."

"Na yarda da ke. Su ne ba su san ki ba. Je ki samo mini gaskiyar abin daga bakin mahaifinki."

Ban san yadda na tari adaidaita ba. Tun daga ƙofar jami'a har Malakpet ina tafasa, mai adaidaitar ya leƙo ni ta madubi sau biyu ya rage rediyonsa da kansa. Na tarar da Abbu a kujerarsa ta roba a baranda, da singileti da zanensa na gida, yana ba tsuntsaye gero. Ko sallama ban gama ba.

"Abbu, me ka tura wa Wajahat?"

Fuskarsa ta washe. Ta washe fa! "Au, har ya yi magana? Na ce miki yaron nan ɗan halak ne. Zauna, beta, Amminki ta yi miyar khatti dal."

"Ya kai ƙarata, Abbu! An dakatar da maƙalata! Cewa suke na aiko ubana ya saya mini alƙali!"

Ammi ta fito da ludayi a hannu. "Ke, rage murya, maƙwabta, gidan Sultana, suna ji."

"Su ji! Duniya ma ta ji, daga nan har inda shugaban kwamitin yake an ga hoton Abbu da hularsa!"

Abbu ya ajiye kwanon geron. "Wace irin saye? Na ba shi wani abu ne? Magana na yi wa yaro. Shekara talatin da huɗu na yi a jirgin ƙasa, ban taɓa ganin takardar da ta yi tafiya da ƙafarta ba. Sai wani ya ɗauke ta daga wannan tebur ya kai wancan. Mutum nawa na samar wa gado a jirgi da 'yar takarda layi biyu? Matar da za ta kai ɗanta asibiti a Vellore, ɗalibin da jarrabawarsa gobe. Wa ya taɓa ce mini ɓarawo?"

"Wannan ba jirgi ba ne! An ɓoye sunaye ne da gangan, don kada a san 'yar wane ce!"

"To wannan ai shi ne rashin hankalin. Ya za a yi mutum ya yi wa abu hukunci bai san mai shi ba? In sun san ki, ai da sun san ba kya wasa."

Kun ji fa. Kamar in yi ta buga kaina a bango. Na ce, "Wa ya sa ka? Na roƙe ka? Shekara biyar ban taɓa neman alfarmar kowa ba, abin da nake taƙama da shi ke nan a duniya, shi ma ka karɓe. Kai da Phuppu kun ɗauki rayuwata kamar tikitin da za ku canja wa kujera!"

"Tazeen!" Ammi ta daka mini tsawa. "Ubanki ne."

Abbu bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau yana gogewa da gefen zaninsa. "Ranar Asabar bayan karin kumallo na zo shan ruwa, na gan ki a wurin wanke-wanke kina kuka, kin buɗe famfo don kada a ji. Tun kina aji uku rabon da in ga haka. Ni ban san yaren kwamfuta ba, beta. Abin da na iya ke nan, shi na yi."

Kada ku ɗauka na huce. Ban huce ba. Abin da ya ƙara ƙona mini rai ma shi ne ya hana ni jin daɗin fushina. Na shige ɗakina na banko ƙofa har hoton Makka da ke bango ya karkace, na nemo lambar da Phuppu ta tura mini mako uku da suka wuce wadda ban taɓa ajiyewa ba. Bugu biyu ya ɗauka.

"Assalamu alaikum, Tazeen sahiba."

"Riƙe sahibarka, ba na son girmamawar. Awa nawa ka ɗauka kafin ka kai ƙarata?"

Ya ce, "Minti arba'in."

"Minti arba'in! Har ka ƙirga! A cikin minti arba'in ɗin ba ka samu ɗaya da za ka kira ni ba? Ka ce, Tazeen, tsohonki ya yi kuskure, me za mu yi?"

"Da na kira ki, da kin shiga ciki. Yanzu zan iya rantsuwa ban taɓa magana da ke a kan maƙalar ba, kuma gaskiya ce. Na rubuta musu haka."

"Ka goge saƙon mana! Wa ya gani? Tsoho ne, ya ɗauke ka ɗa, ka ɗauki hotonsa ka watsa wa Turawa."

"In na goge, na ci gaba da zama a kwamitin da sunanki a kaina. In ta wuce, ba za ki taɓa sanin ko da ƙarfinta ta wuce ba. Na ɗauka ba za ki so haka ba."

"Kai ka san abin da nake so? Kai da ka ɗaga mini hannu a barandarmu ka tambaye ni karnuka?"

"Na san lokacin duba maƙaloli ne, na ji tsoron kada ki faɗi abin da bai kamata in ji ba. Na yi shi ba daɗi, na sani. Ban iya magana ba."

Da a ce jiya ina da hankali, da na tsaya a nan. Amma zuciyata ta riga ta kawo iya wuya. Na ce, "Bari in gaya maka, Dakta. A cikin kwamitin naku akwai mutum. Mutum na gaske. Bai san sunana ba, bai ga fuskata ba, bai sha shayin gidanmu ba, amma ya zauna ya karanta aikina har ƙarshe, ya rubuta shafi huɗu, ya ce zai tsaya mini. Kai kuwa minti biyu ka kasa ba ni. Shi yana can yana ƙoƙarin ɗaga ni, kai ka zo ka ja tabarmar."

Na ji numfashinsa a wayar.

"Ba zan iya cewa komai a kan alƙalai ba."

"Ai dama ba ka da abin cewa."

Na kashe. Ban ƙoshi ba, na bi shi da saƙo: "Ka gaya wa mahaifiyarka ta nemo maka mai son karnuka. Ko takalmin Alƙali B ba ka isa ka ɗauka ba." Layuka biyu suka yi shuɗi nan take, alamar ya karanta.

Ragowar yinin ni da Madam muka yi ta kai da kawo a waya muna rubuta bayani. Ta sa na rubuta komai, har da ranar da suka zo, har da takardar bayanin da na ƙi karantawa. Ta ce, "Da kin karanta, da kin ga sunan taron, da kin sanar da su tun ranar cewa akwai wanda bai kamata ya taɓa maƙalarki ba. Layi ɗaya ne." Na ce, "Madam, ai ba komai ne shi a wurina ba." Ta ce, "To ga shi ya zama." Ita ma haushinta na ji, don gaskiya ta faɗa. Abbu da kansa ya zo bakin ƙofa da wata takarda da ya rubuta da hannu, ya sa kwanan wata da sa hannu, wai a haɗa a tura: shi ne ya yi, 'yarsa ba ta sani ba, in akwai hukunci a yi masa. Na karɓa ban dube shi ba. Phuppu kuwa sau tara ta kira Ammi, ina jiyo muryarta ta bango: "Yarinya ta zagi ɗan mutane a kan takarda? Takardar me? Ita takardar ce za ta haifa mata 'ya'ya?"

Yau Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ƙarfe biyu da kwata, amsa ta zo. Ina zaune a kan gado da kwamfuta a cinya, gyalena a ƙasa, ban ko taje kai ba. Shugaban kwamiti ya ce sun karanta bayanina da wasiƙar mahaifina, da kuma shaidar ɗan kwamitin da ya kai rahoto, wanda ya nace cewa marubuciyar ba ta da hannu. Ba za a hukunta ni ba. Maƙala ta koma layi. Na ce Alhamdulillahi da ƙarfi har Ammi ta amsa daga kicin.

Sai na ga akwai sauran sakin layi ɗaya. Tunda ɗan kwamitin ya san sunan marubuciyar yanzu, an cire shi daga duk abin da ya shafi lamba 214, tare da duk abin da ya rubuta a kai. Za a yanke hukunci ranar Litinin da abin da ya rage. Kuma kafin ƙarfe biyar in cike fom ɗin da ke haɗe.

Duk abin da ya rubuta a kai? Me ya rubuta? Na ɗauka yana can cikin mutum ɗari da sittin ɗin yana duba nasa maƙalolin. Na buɗe shafin sakamakona.

A yana nan da biyunsa da layinsa shida. C yana nan da ukunsa. A tsakaninsu babu komai.

Na sake loda shafin. Na sake. Na tashi na zazzage jakata a kan gado, na ɗauko shafi huɗun da na buga, sun yi laushi saboda karantawa. "Wanda ya rubuta misalin jiragen nan ya san jirgi." Ashe Wajahat ne B. Yana da wannan a ransa ya zauna a barandarmu, jadawalin jirgin Abbu na rataye a bayansa, bai san a gidan wa yake shan shayi ba. Ranar Laraba ya buɗe saƙon Abbu ya ga lamba 214, ya san in ya yi magana biyar ɗinsa za ta tafi da shi, ya yi minti arba'in, ya yi maganar. Jiya kuma ya riƙe waya ina yabonsa ina zaginsa a numfashi ɗaya, kalma ɗaya za ta wanke shi, ya ƙi faɗa.

Jama'a, mutum ɗaya ne a duniyar nan ya karanta aikina na shekara biyar har ƙarshe. Abbu ya cire mini shi da saƙo ɗaya, ni kuma na bi shi da zagi. Ranar Litinin maƙalata za ta shiga ɗakin nan da biyu da uku, ba mai buɗe baki dominta. Ina jin haushin Abbu, ina jin haushin Phuppu, ina jin haushinsa shi da gaskiyarsa mai sanyi kamar ƙanƙara, amma wallahi duk ba su kai wanda nake ji na kaina ba.

Ammi ta turo ƙofa yanzu, ta toshe bakin wayarta da tafin hannu.

"Phuppunki ce. Mahaifiyarsa ta kira ta. Wai uwar ta ce a bar maganar auren, shi Wajahat ya ce a'a, sai an ji daga bakinki. Me zan ce musu?"

Na buɗe fom ɗin. Na ɗauka dogon abu ne. Tambaya ɗaya ce tak, da ɗan akwati fari a ƙarƙashinta: "Mece ce alaƙarki da Dakta Wajahat Baig?"

Ƙarfe biyar saura minti ashirin, Ammi na tsaye a kaina da waya, kuma akwatin ba ya karɓar "ban sani ba."